Randar Ɗakin Gurup

A Agadas na fara gane cewa na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Ba kaya nake nufi ba, don kayanmu bai wuce buhu guda da bargo biyu ba. Gado nake nufi, ɗan gwaggona, taubashina, wanda na zuga ya bar gonar uwarsa a ƙauyenmu na Kurfai ya biyo ni Libiya. Na girme shi, na yi lakwal, wato makarantar boko, a Filinge har aji shida, na taɓa zuwa ci-rani Kwatanu, saboda haka a lokacin nan duk abin da ya fito daga bakina gani nake ba ya da gyara. Gwaggo ba ta hana ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Nomau, ba ni da wasu hannuwa sai nashi. Biyu na ba ka, biyu za ka maido min." Na ce to, kamar mai karɓar aron ƙwarya.

A tasha wani mai farin rawani ya tare mu da Hausar gida. Ya ce shi ɗan Sanam ne, can yankinmu, wai jin bakinmu ya tuna masa da uwarsa. Ya kai mu wani gida, ya sa aka ba mu shayi, ya samo mana wuri a babbar mota, sannan ya sayar mana da bido, wato jarkokin ruwa, waɗanda aka naɗe da buhu aka ɗinke tsaf. Gado ya tambaye shi, "A Sanam ɗin, gidan wa?" Mutumin ya yi dariya ya ce bari ya je ya yi salla.

"Nomau, wanga mutum bai san Sanam ba," in ji Gado.

"Kai dai ka san ta, don can aka soya ƙosai. Bar min sha'anin hanya."

"To, mai lakwal. Na bar ma."

Haka yake kirana, mai lakwal, ni kuma in ce masa sarkin ci. Tsakanin ɗan kawu da ɗan gwaggo ba a fushi, duk abin da aka faɗa wasa ne. Illar abin ita ce, ko gaskiya taubashi ya faɗa maka, sai ka saka ta cikin wasan ka wuce.

Sai da muka yi nisa cikin yashi muka ga buhunan sun jiƙe. Biyu daga cikin bidon fasassu ne, an liƙe tsagar da sabulu, rana ta narkar da shi. Kafin mu kai Dirku kuma motar ta lalace. Direba ya shiga ƙarƙashinta da yaransa, mu kuwa muka zauna a inuwar da take raguwa tana ƙaruwa. Ba zan tsawaita maganar ƙishirwa ba. Wanda ya sani ya sani. Abin da ban manta ba shi ne, Gado ya daina ba'a. Mutumin da ko a maƙabarta sai ya sami abin da zai raɗa maka, ya kwanta ya rufe fuska da rawani ya yi shiru. Na riƙa duban hannuwansa a kan yashi ina tuna maganar gwaggo.

Wata tsohuwa Batubiya ce ta same mu, tana tafe da raƙuma biyu da ƴan awaki. Ba ta jin Hausa, mu ba mu jin nata. Ta sauke salka, ta fito da ɗan kwano, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Idan mutum ya so ya zarce, sai ta janye kwanon ta buga masa goshi da yatsa, kamar yadda ake yi wa ɗan maraƙi. Da na miƙa mata abin da ke aljihuna, ta kawar da kai kamar na zage ta. Ta nuna mana rijiya, ashe ba ta da nisa sosai, bayan wani tudu take. Da muka isa muka farfaɗo, ni da Gado muka karɓi guga muka cika mata salkunanta duka, har da wadda ba mu sha daga cikinta ba.

Wannan al'adarmu ce. A Kurfai kowa yana ajiye randa ko tulu a gindin gawo a gonarsa. Mai wucewa ba ya neman izni, yana sha. Amma idan ka rage ta da yawa, ba ka barin ta da rami. Ka ɗebo daga kowace rijiya ta fi kusa ka mayar, ba sai mai ita ya sani ba. Cikawa a ɓoye ma ta fi mutunci, don wanda ya je ya ce "na sha, na cika" neman godiya yake. Da wannan muka tashi. Ban taɓa tunanin akwai inda zai zama laifi ba.

A Sabha, cikin Libiya, muka yi aikin gona wajen wani mai lambun tumatir da albasa. Ya yi ta ce mana sai an kwashe amfani. Ranar da aka loda mota ta ƙarshe, sai ga ƴan sanda suna neman marasa takardu, shi kuwa yana tsaye can nesa yana shan taba. Muka tsallake katanga muka bar bargo ɗaya. Daga nan muka shiga zaman jira a bakin titi, inda baƙi ke tsugunawa kowa da kayan aikinsa a gabansa, mota ta tsaya a ruga. Abincin ƙasar taliya ce da burodi, safe da yamma. Wata rana Gado ya dawo yana dariya da ƙullin leda.

"Ka san inda na samu hatsi? Shagon masu tantabaru. Nan ƙasar, abincinmu na tsuntsaye na."

Ya zuba shi a gwangwani ya daka da gindin kwalba, ya dama mana kunu. Ba tsamiya, ba nono, amma da na kai baki sai na ga kasuwar Lahadi ta Filinge, na ga matan da ke jere da ƙoren fura, na ji ƙamshin ƙasar kwarinmu na dallol bayan ruwan farko. Na juya baya don kada ya ga idona.

"Mai lakwal, kuka kaka yi?"

"Barkono na."

"Ban sa barkono ba."

Wani Bazabarme ɗan Damana, mai dafa abinci, shi ya ji tausayinmu ya kai mu shantiyen da yake aiki, wato sansanin ma'aikata, can cikin hamada, inda wani kamfani ke shimfiɗa manyan bututu. Wuri ne da aka kewaye da waya, ɗakunan ƙarfe a jere, babu itace ko ɗaya. An ɗauke ni gardi, wato mai gadi, saboda ɗan Faransancina, aka ba ni ƙaramar ƙofar baya. Gado aka sa shi shara da goge-goge a ɗakin gurup, wato ɗakin da manyan injuna biyu masu ba da wutar lantarki suke. Ɗakin ƙarfe ne rufaffe, da babbar ƙofa mai ganye biyu da ƙarama a gefe, yana dab da rumfata. Mai kula da shi wani ɗan Tunusiya ne, Shef Munir, gajere mai furfura a gemu, wanda ba ya wuce ka bai ce "lafiya?" ba. Kalmar Hausa ɗaya da ya iya ke nan.

Ba mu daɗe ba aka zo aka kafa sabon kayan kashe gobara a ɗakin. Shef Munir ya tara mu ya nuna mana, ni ina fassara wa Gado. A bayan ɗakin aka ajiye tanki na farin ƙarfe, bai fi randa uku ba, da murfi a sama, da ɗan famfo a ƙasa, da wata siririyar kwalba a gefe mai nuna inda ruwa ya tsaya. Kusa da shi dogayen kwalaben iska ne masu tura ruwan da ƙarfi. Daga nan siraran bututu kamar yatsa suka bi rufin ɗakin, kowane da ƴan kawuna kamar goro, masu huji da ya fi kafar allura ƙanƙanta.

Ya ce mu tsaya a ciki, ya rufe ƙofa, ya murɗa wani abu. Sai muka ji tsiii, ɗakin ya yi fari fat, ban ga Gado ba ko da yake kafaɗarsa na taɓa tawa. Sanyi ya sauka a fuskata. Da aka tsayar, na shafa rigata, da ƙyar ta yi laima. Na duba ƙasa, ko gudu ruwan bai yi ba.

Na yi dariya. Mu manoma ne, da hannu muke auna ruwa. Idan an yi ruwan farko, mutum ya je gona ya tona, in laima ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ba a shuka. Yayyafi ba ma sa shi cikin lissafi. Na ce wa Gado, "Wanga ba ruwa ba na, raɓa ta. Ko tabar Shef ba ta kashewa."

Shef Munir ya tambayi abin da na ce, na faɗa masa. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Nomau, in ka watsa guga a kan man gazuwal mai ci, man zai hau kan ruwan ya bi shi duk inda ya gangara. Nan kuwa ana farfasa ruwan ne ya yi laushi. Kowane ɗigo yana shan zafi ya zama tururi, tururin ya cika ɗakin ya ture iska, wutar ta rasa abin shaƙa. Mutum kuwa yana iya numfashi a ciki har ya fita."

Na ce wa Gado, "Wai daka ruwan aka yi, kamar hatsi, shi zama gari."

"To ai gari ya hi tsaba cika ƙwarya," in ji Gado. "Ka gani, mai lakwal, har su sun san daka."

Sannan Shef ya ɗaga yatsu biyu. Na farko, idan jiniya ta yi kuka, ƙofa a rufe take zama, kada a ba wutar iska. Na biyu, ruwan tankin nan tatacce ne, daga birni ake kawo shi, kada kowa ya zuba wani a ciki, don ɗan gishiri ko ɗan yashi ya isa ya toshe hujin. Na fassara wa Gado na farko. Na biyun na ji shi sarai, ba zan ce ban ji ba. Amma ina cikin dariyar raɓa, kuma a raina na ce wannan fi'ilin masu kuɗi ne, ruwa ai ruwa ne. Na bar shi a bakina.

Da zafi ya shigo sai mutane suka fara ɓullowa a bayan waya. Direbobi ne ke zubar da su a hanya, su nuna musu fitilun shantiye su ce ga gari can. Suna zuwa da ƙafa, leɓe a tsage, wasu ƴan Nijar, wasu daga ƙasashen kudu. Umurnin da aka ba ni shi ne in kore su. Ruwan sha na shantiye a kulle yake a kicin, gwargwado ake ba kowa. Akwai rijiyar burtsatse da ake wanke motoci da ita, ruwanta garau a ido, amma ɗaci ne da shi kamar kanwa, wanda ya sha shi da ƙishirwa cikinsa ke tsinkewa.

Na fara da ba da rabona, sannan rabon Gado. Wata rana da tsakar rana wani dattijo ya iso, ya riƙe waya da hannu biyu, ya kasa magana. Bidona babu ko ɗigo. Na waiga, ga tanki a inuwa, taku kaɗan daga rumfata, cike da ruwa mai daɗi yana jiran wutar da ba ta zo ba. Na tuna da Batubiyar nan da kwanonta. Na murɗa famfon.

Har yau ban yi nadamar murɗa famfon nan ba, kuma ba na jin zan yi. Nadamata a kan abin da ya biyo baya take. Da na ga ruwa ya sauka a siririyar kwalbar, sai na yi abin da ubana ya koya mini. Na ɗauki bido na je rijiyar burtsatse, na ɗebo, na buɗe murfi na mayar. Ruwa ya hau inda yake. Na ji daɗi a raina, na ce ban bar randar mutum da rami ba.

Abin ya zama jiki. Duk wanda ya zo in ba shi, in cika. Tun ruwan yana da daɗi har ya fara ɗan sauya ɗanɗano, amma ya fi na rijiyar, kuma masu ƙishirwa ba su taɓa kuka da shi ba. Kullum da safe Shef Munir ya zo ya dubi kwalbar, ya ga ta cika, ya ce mini "lafiya?" in ce "lafiya lau." Gado ya sha taya ni ɗaukar bidon. Sau ɗaya ya ce, "Nomau, ba ka gaya ma Shef? Mutumin kirki na."

"In gaya mishi mi? Na sha, na cika? Haka anka koya ma a gidanku?"

"Gidanmu ai gidanku na. Uwata ƙanwar ubanka ta."

Muka yi dariya, magana ta wuce. Bai san akwai yatsa na biyu da Shef ya ɗaga ba. Ni na sani.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ina zaune ina gyara takalmi. Gado yana ciki yana goge ƙasa a bayan inji na biyu, can ƙuryar ɗakin. Daga baya aka ce wani tiyo ne ya fashe ya fesa gazuwal a kan ƙarfe mai zafi. Ni dai na ji wani bum, jiniya ta kama kuka, injuna suka mutu. Na ji tsiii ɗin nan ta bango. Sannan na ji muryar Gado yana kiran sunana. Ba mai lakwal ya ce ba. Nomau ya ce.

A gida idan bukka ta kama, buɗewa ake yi, a fizge zana, a yaye rufi, a watsa ƙasa. Ƙafafuna suka kai ni babbar ƙofa kafin kaina ya tuna komai. Na ja ganye ɗaya. Ta tsagar na ga ɗakin ya rabu biyu. Wajen ƙofa fari fat, raɓar ta sauka ta danne wutar har ta kwanta tana ja da baya. Can ƙurya kuwa, a kan inji na biyu, kawunan ɗiga kawai suke yi kamar hancin mai mura, wuta tana tsaye ja wur. Da iskar da na shigar ta isa gare ta, sai ta miƙe ta lashi rufi.

Shef Munir ya bangaje ni na faɗi. Ya maida ƙofar da kafaɗa yana ihu, "Rufe! Rufe!" Na tashi na kama shi da kokawa, ina cewa ɗan'uwana na ciki. Ya mare ni. Dattijo ne, bai kai ni ƙarfi ba, amma marin ya tsayar da ni. Ya jiƙa rigarsa, ya ɗauki jar kwalbar kashe wuta, ya shiga ta ƙaramar ƙofa ya ja ta a bayansa. Ni aka bari a waje, na dafe babbar ƙofa da bayana, ina jin zafin ƙarfen yana ratsa rigata. A rayuwata ban yi aikin da ya fi wannan wuya ba, in riƙe ƙofa a rufe Gado yana ciki.

Da ƙofar ta zauna a rufe, tururin rabin da ke aiki ya taru ya gangara ƙuryar. Daga baya Shef ya ce lokacin da ya isa, wutar ta riga ta fara shaƙewa, shi ƙarasa ta kawai ya yi. Ya fito yana jan Gado ta ƙeya. Fuskar Gado lafiya, ƙirjinsa lafiya, yana numfashi, gashinsa jiƙe da raɓar da na raina. Amma hannun dama, wanda ya kare fuskarsa da shi, daga yatsu har gwiwa, ban iya dubansa sau biyu ba.

Aka tafi da shi asibiti a mota. Washegari Shef Munir ya kira ni bayan ɗakin. Ya kwance kawunan ƙuryar ya jera su a kan tsumma. Kowane ya yi farin ɓawo kamar gindin tukunyar kanwa. Ya buɗe matatar da ke bakin tanki, ta cika da laka. Ya tsoma yatsa a tankin ya ɗanɗana, ya tofar. Bai tambayi kowa ba, ni ya duba, don ni ne kusa. Na gaya masa duka, tun daga dattijon da ya riƙe waya.

Ya goge yatsansa a jikin wando. Sannan ya ce, "Ka ba masu ƙishirwa ruwa. Wannan ko ni zan yi. Don me ka mayar da wani?"

Na ce, a wajenmu ba a barin randar mutum da rami.

"Da ka bar ta da rami, da na gani da safe. Da na tambaye ka, da na cika ta da nata ruwan, da na ajiye maka ganga a bakin waya." Ya shafa gemunsa da ya ƙone gefe guda. "Ramin shi ne zai gaya mini gaskiya. Kai kuwa ka rufe masa baki."

Na yi ta juya maganar shekara da shekaru. Al'adarmu ba ta da laifi a gindin gawo, inda duk rijiyoyin ɗaya ne kuma randar ta sha ce. Laifina shi ne na ɗauke ta na kai ta inda aka gaya mini da baki cewa wannan randa dabam take, na ga na fi mai ita sanin abin da ya dace da ita.

Shef bai kai ni ga ƴan sanda ba, ko da yake manyansa sun so. Ya ce musu shi ma da nasa, tun da bai sa wa famfon kwaɗo ba kuma ya yarda da ido bai ɗanɗana ba. Aiki dai na rasa shi. Ranar da zan bar shantiyen na ga an ajiye shuɗiyar ganga a bakin ƙofar baya, da kwano ɗaure da igiya. Ya raka ni har mota, ya ce "lafiya," wannan karon ba tambaya ba ce.

Na zauna da Gado a asibiti har aka sallame shi. Hannun ya warke, amma yatsu uku sun lanƙwashe sun manne, gwiwar ba ta miƙewa sosai. A can na gaya masa maganar yatsa na biyu, wadda ban fassara ba. Ya kalli rufi.

"Ashe lakwal ɗin taka rabi ta," ya ce.

"Gado, ba wasa nika yi ba."

"Ni ma. Amma bido nawa na ɗauko ma da wanga hannu? Kuma wa ya riƙe ƙohwa?" Ya juyo. "Ni na yahe. Gwaggonka ta rage ma. Can ba ni iya taimakonka."

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa sauƙi a jiki, ta fi ta nauyi a zuciya. Duk garin da muka wuce sai in ji kamar motar ta cika sauri. Muka sauka Filinge, muka sami amalanke zuwa ƙauye. Gwaggo tana tsakar gida tana sussuka. Ƴar bori ce, kuma na sha yi mata dariya a kan iskokinta, na ɗauka ranar nan za ta kira su duka a kaina. Ta ajiye taɓarya. Ta kama hannun Gado ta juya shi, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da nata. Gado ya fara cewa, "Inna, tsautsayi na," na katse shi na faɗi yadda aka yi, ina tsugune, ban ɗaga kai ba.

Ta shiga ɗaki. Ta fito da ƙwarya cike da ruwa, ta wuce ɗanta, ta miƙo mini. Na kasa karɓa.

"Sha," ta ce. "Nan gidan ba a hana ruwa."

Na sha. Ta karɓi ƙwaryar ta ba Gado sauran.

"Biyu na ba ka, Nomau. Ɗaya da rabi ka maido. Sauran rabin kai na."

Tun daga daminar nan ban taɓa sa hauya a gonata ba sai na gama da tasu. Gwaggo ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ni kuma ban daina ba. Gado ya koyi shuka da hagu, yana kiwon tumaki, ya aurar da ƴaƴa, ƴan ƙauye suna ce masa mai ɗan hannu, shi ne ma kan fara faɗa kafin su faɗa. Yanzu ƙarfina ya ragu, ƴaƴana ke yin yawancin noman, amma sun san gonar da ake fara shiga.

Bana ruwa ya yi jinkiri. Wata safiya hadari ya haɗu ta gabas, muka fita ni da shi muka tsaya a gindin gawon gonarsu, kusa da randa. Abin da ya sauko yayyafi ne siriri, irin wanda iska ke ɗauka ta kai shi gefe, ya daɗe yana yi ba ƙara. Da ya tsaya, Gado ya durƙusa ya tura lanƙwasasshen hannun nan cikin ƙasa. Da shi yake auna ruwa kullum, wai ya fi na hagu jin sanyi. Ya tona, ya ɗago ya dube ni.

"To, mai lakwal. Ruwa na, ko raɓa ta?"

Na ce, "Mi hannun ya ce?"

"Ya ce ta ratsa."

Na koma gida na ɗauko iri.